Cekin da Alhaji Mamuda Bai Rubuta Ba

Tun da na bar aikin banki 'yan mata ba su daina zuwa gidanmu ba. Yawancinsu ƙannena ne na makaranta, sun gama sakandare suna zaune. Sai su zo da la'asar, su gaida Inna, su zauna a tabarma suna murza bakin mayafi, can sai ɗaya ta yi ƙarfin hali ta ce, "Yaya Hindatu, wai ta ina ake bi a shiga banki?" A ganinsu aikin bai wuce a ɗaura leshi a zauna ƙarƙashin fanka ana miƙa kuɗi ta taga ba. Na sha fara ba su labari, sai in kasa ƙarasawa, su kuma su ɗauka rowa nake musu. Shi ya sa na ce bari in rubuta, wadda ta ga dama ta karanta.

Ni da Nafisa rana ɗaya aka ɗauke mu, a shekarar da soja ke shirin miƙa mulki, gari ya cika da fastoci da motocin kamfe. Takardarmu iri ɗaya ce, ta gama sakandare, tawa ma ta ɗan fi tata a lissafi. Amma banki ba ya ɗaukar mai taɓa kuɗi sai da garanto, wato wanda zai tsaya miki, in kin jawo asara a nufe shi. Nafisa kawunta ne ya tsaya mata, ɗan siyasa ne da kowa ya san zai ci zaɓe. Manaja da kansa ya kai masa takardar har gida, ya sa hannu a tsaye yana sallamar mutane. Mu ba mu da mai albashi a dangi. Baba ya tafi Lajawa, inda gonarmu ta gado take, ya karɓo takardar shaidar gonar wadda dagaci ya sa wa hannu, ya kawo ta banki a aljihun babbar riga. Gonar nan ita ke ci da gidanmu, gero da dawa da wake, har gyaɗar da Inna take ƙuli da ita. Aka sa takardar a fayil ɗina aka kulle. Ranar Baba dariya yake yi, yana cewa ai ajiya ya kawo, babu inda ya fi banki tsaro.

Wanda ya koya mana aiki Malam Shu'aibu ne, babban kashiya, mutumin Ɗankaza, gajere mai furfura a gemu, ya fara aiki tun ba a haife mu ba. Ranar farko ya zube mana kayan aiki a tebur: jiƙaƙƙen soso a ɗan kwano na dangwala yatsa, ƙullin roba, jan biro da shuɗi, sai hatimi da kushin tawada. Kowacce da nata hatimin, da lambarta a jiki. Ya ɗaga nawa ya ce ko Inna ce ta ce in ara mata, in ce ya ɓata. Mun daɗe muna ƙirga yankakkiyar jarida kafin ya bari mu taɓa kuɗi. Kuma kuɗin kara, wato kasuwar shanu, ba irin na ofis ba ne. 'Yan ashirin ne da 'yan hamsin da suka sha gumi da maiƙo, wasu suna warin garke, wasu an liƙe su da salatif. Inji ba ya iya su, cafke su yake ya tsaya, sai hannu. Kafin a je ko'ina babban yatsana ya yi kanta, farcena ya daina fita da wanki. Na Nafisa kuwa lalle bai taɓa barinsa ba, don in layi ya yi tsawo sai ta ce kanta na sarawa, Malam ya ce ta je ta huta.

Ceki sai da muka kwana biyu kafin ya koya mana. Ya ce mu cire daga ranmu cewa ceki kuɗi ne. Saƙo ne daga mai asusu zuwa gare mu, yana cewa ku ba wane kaza daga abin da na ajiye. Aikinmu mu tabbatar shi ne ya aiko. A duba kwanan wata. A duba kuɗin da aka rubuta da lamba ya yi daidai da na kalmomi. A duba ko an goge wani wuri, ko an ƙara sifili da wani biro. A dubi fuskar wanda ya kawo da katin shaidarsa. Sannan a gwada sa hannu da wanda ke jikin katin da mai asusu ya bari ranar da ya buɗe. Na ƙarshe, a sa takardar a ƙarƙashin wata 'yar fitila mai shuɗin haske, wadda ke fito da wasu zare-zare da ke ɓoye a jikin cekin gaskiya. Malam yakan ce ido yana gajiya, fitila ba ta gajiya.

Da aka gama koyo aka raba mana wuri. Lokacin kawun Nafisa ya riga ya ci zaɓensa, manaja kuwa ba shi da zance sai yadda za a jawo asusun gwamnati zuwa reshenmu. Aka ba Nafisa teburin ciki, daf da ofishin manaja, inda sanyi ke zubowa duk sanda aka buɗe ƙofa. A nan akwatin katunan sa hannu yake, a nan fitilar take. Ni aka ba ni taga ta biyu, mai kallon ƙofar shiga, rana na dukanta tun hantsi. Manaja yana kiranta Hajiya ƙarama, ni kuwa in zai kira ni sai ya ce ke mai taga. Direba ke kawo mata abinci a kula mai hawa uku, ni ɗumame nake ƙullowa a leda. Kuma ba ta taɓa ci ita kaɗai ba, sai ta leƙo ta ce, "Hindatu, zo ki taya ni, Umma ta cika min nama kamar za ni tafiya." Da mugun hali gare ta da na samu sauƙi. Ina cin namanta, ina kallon takalminta a ƙarƙashin tebur, ina lissafin albashina na wata nawa ne zai saye shi.

Ga yadda ceki ke tafiya a reshenmu, ku lura da kyau. Ni zan karɓa a taga, in duba abin da ido ke gani, in miƙa ciki. Nafisa ta gwada sa hannu, ta haska fitila, ta buga hatiminta. In kuɗin mai yawa ne, sai an tambayi mai asusu tukuna. To, babu 'yan wayoyin hannun nan da aka fara jin labarinsu, fataken shanu kuma ba su da tarho a gida, balle a kara. Saboda haka sai a tashi masinjanmu, Baba Lawal, dattijo mai tsohon babur, ya je ya sami mai asusu ya ji daga bakinsa. In ya dawo da amsa, Malam Shu'aibu ya fito da kuɗi daga ɗakin ajiya, ni in ƙirga, in buga hatimin biya, in miƙa. Mutum huɗu ke da hannu a biyan, amma hatimin ƙarshe nawa ne.

Juma'a ita ce ranarmu, ranar kasuwar Wudil. Tun asuba tireloli ke jeruwa daga bakin gada, kafin mu buɗe ƙofa layi ya kai titi. Fatake da dillalai da Fulani masu sanda, kowa so yake a sallame shi kafin masallaci. A cikin manyan masu hulɗa da mu akwai Alhaji Mamuda, mutumin Utai, wanda ke loda shanu zuwa Kudu. Da ajami yake sa hannu, a hankali, harshensa a waje kamar yaro na rubutun allo. In ya zo tagata yakan ce, "'Yata, ki ƙirga a tsanake, ni ba na sauri, saniya ce ke sauri." Littafin cekinsa a leda yake naɗe shi, ya cusa a aljihun 'yar ciki, ko ɗansa bai yarda ya riƙe ba.

Akwai abin da ya kamata ku sani game da kara. Ba a faɗin kuɗin mutum a bainar jama'a. Ciniki ma ja da baya ake yi a yi ƙus-ƙus, don in abokan sana'a suka ji nawa ka biya, sun san ƙarfinka, gobe su tsuga maka, ɓarayi kuma suna da kunne. Babban fatake yana zaune a rumfarsa ne dillalai kewaye da shi, ba ya tashi don masinja, kuma ba a jan hannunsa gefe kamar mai bin bashi. Baba Lawal ɗan gari ne, ya san wannan tun yana yaro. In ya je sai ya durƙusa ya gaisa, ya ce an kawo takarda, a biya? Mai asusu ya ce a biya, ko ya ce ban ba kowa ba. Haka ake yi tun kafin mu zo, ba a taɓa samun matsala ba, kuma manaja ya sani.

Wata Juma'a da damina, da hantsi, layi ya yi tsawo har mutane na faɗa a ƙofa, wani mutum ya iso tagata. Dogo ne, da farar shadda da hula zanna, yana magana a natse. Ya yi sallama, ya tambayi aiki, ya miƙo cekin Alhaji Mamuda da katin shaida. Kuɗin sun kai na tirela guda ta shanu. Na duba kwanan wata, na duba lamba da kalmomi, na dubi hoto na dubi fuska. Launin takardar namu ne, tambarin namu ne, ajamin na Alhaji ne har da ɗan ƙugiyar da yake yi a ƙarshe. Na miƙa ciki. Ba wuta ranar, janareta kuma ya tsufa, manaja ya sa an bar shi a kan fankoki da ofishinsa kaɗai. Fitilar ba ta kama ba. Nafisa ta gwada sa hannu da kati, ta buga hatimi. Baba Lawal ya hau babur, ya dawo yana share gumi ya ce Alhaji ya ce a biya. Malam ya fito da kuɗi, na ƙirga, na buga nawa hatimin. Mutumin ya zuba su a buhu ba gaggawa, ya ɗaure baki, ya ce Allah ya ba ni miji nagari. Har murmushi na yi masa.

Bayan an sauko daga masallaci wani dattijon Bafulatani ya zo da wani cekin na Alhaji Mamuda, kuɗin shanun da ya sayar masa da safen nan. Aka duba asusu, abin da ya rage bai kai ba. Na rubuta da jan biro cewa a koma wa mai asusu, na yi masa bayani iya yina. Dattijon ya koma kara ya miƙa wa Alhaji takardar a gaban dillalai da fataken Kudu.

Ban taɓa ganin Alhaji Mamuda yana sauri ba sai ranar. Ya wuce tagata ba ko kallo, ya tura ƙofar manaja. Aka kira mu duka. Manaja ya ɗauko cekin safe ya ajiye a gabansa. Alhaji ya daɗe yana kallon sa hannun, ya ce lallai wannan ya yi kama da nasa fiye da nasa. Sannan ya sa hannu a 'yar ciki ya zaro ledarsa, ya buɗe littafin. Ganyen da ke ɗauke da lambar cekin nan yana nan a ciki, fari fat, ba a ko taɓa yage shi ba. Ashe wanda na biya bugawa aka yi a wani wuri.

Manaja ya juya kan Baba Lawal ya tambaye shi me ya ce wa Alhaji da ya je.

"Na durƙusa na gaishe shi, na ce an kawo takardarsa, a biya? Ya ce a biya."

"Ka faɗa masa nawa ne? Ka faɗi sunan wanda ya kawo?"

"Ranka ya daɗe, a kara? Dillalai sun fi goma a rumfar."

"Da ya faɗa ma da na kore shi," in ji Alhaji. "Ceki ɗaya na rubuta yau, na wancan bawan Allah, shi na ce a biya. Ina zan san kuna da wani a hannu?"

A nan kowa ya gane. Mutumin ya san kara, ya san mu. Tsayawa ya yi ya ga Alhaji ya rubuta wa Bafulatani ceki, ya san dattijon sai ya yi sallah zai zo banki, ya riga shi. Ya san za a aika a tambaya, ya kuma san ba za a faɗi kuɗi ba.

Nafisa ta fashe da kuka, ta ce kanta zai tsage. Manaja ya ce a kira direbansu ya kai ta gida kada ta faɗi. Da 'yan sanda suka zo suka tambayi wanda ya biya, ya nuna hatimin ƙarshe. Ni da Baba Lawal aka sa a bayan mota, mutanen kasuwa suna kallo. A caji ofis aka ce in cire takalmi da ɗankunne in zauna a benci. Wani ɗan sanda mai jan ido ya yi ta maimaita min tambayoyi iri ɗaya, wai mutumin saurayina ne, nawa ya yi min alkawari, ina muka shirya haɗuwa. Na ce ban san shi ba har na daina jin muryata. Kafin magariba Babana ya iso da liman na unguwarmu aka ba da belina. A hanya shi ya riƙe min takalmi ɗaya da na manta ban sa ba. Har yau in mota ta ja birki a ƙofar gidanmu, ko in an yi sallama da muryar da ban sani ba, ɗaki nake shigewa.

Aka dakatar da ni, amma kullum sai na je na zauna a bencin baƙi har a tashi. Nafisa tana hutun rashin lafiya. Cikin makon aka turo mutum biyu daga hedkwata, mai bincike da lauya, aka kira Alhaji Mamuda aka zauna a ofishin manaja, ina jiyo su daga bencina. Aka kunna fitilar, aka sa cekin, babu zare ko ɗaya, takarda ce kawai. Lauyan ya tambayi wa ya kamata ya haska. Manaja ya ce ai ba wuta ranar, wannan ba laifin kowa ba ne, aka wuce wurin. Sai manajan ya kawo tasa shawarar, cewa tunda Alhaji da bakinsa ya ce a biya, a raba asarar biyu. Alhaji Mamuda ya gyara zama ya ce, "Yallaɓai, ajiya na kawo muku ko sadaka na ce ku raba min? In ɗan'uwanka ya ba ka akuya kiwo, wani ya zo ya ce shi ya aiko shi ka ba shi, akuyar wa ta ɓata?" Ya ƙara da cewa in haka ne, shi da duk wanda ke jin maganarsa a kara za su kwashe nasu su koma binnewa a ɗaki.

Lauyan bai ɗaga murya ba. Ya ce wa manaja banki ba shi da ikon taɓa asusun mutum sai da umarninsa, takardar da bai rubuta ba kuwa ba umarninsa ba ce, komai kyan bugunta. Ya ce da Alhaji ya yi sakaci da littafinsa, ko ya sa hannu a farin ganye ya ba wani, ko ya san da jabun ya yi shiru, da akwai abin faɗa. Amma ga littafinsa cikakke, kuma ranar da abin ya faru ya zo. Maganar a biya kuwa, ba a faɗa masa suna ba, ba lamba, ba adadi, saboda haka ba a tambaye shi komai a kan wannan cekin ba. Kuɗin da aka ba mutumin nan na banki ne, ba na Alhaji ba, sai a mayar masa da asusunsa yadda yake, a kuma ba shi haƙuri a kan cekin da aka mayar. Aka yi hakan. Manaja da kansa ya je kara ya durƙusa a rumfar. Ranar zaman da lauya, Alhaji ya tsaya a bencina da zai fita, ya ce, "'Yata, ni na san ba ki ci ba, Allah ya fid da ke." Na ɗauka magana ta ƙare.

Abin da ban sani ba shi ne, in banki ya biya, sai ya waiwayo ciki ya nemi wanda zai ɗora wa. Malam Shu'aibu ya ja ni bayan ɗakin ajiya ya gaya min. Inshora za ta ɗauki wani kaso, sauran kuma an rubuta cewa sakacin ma'aikaci ne, a nemi garanto. Baba Lawal ba shi da komai, an sallame shi kawai. Shi Malam saura kaɗan ya yi ritaya, kuma hannunsa na cikin takardar, ya ce in yafe masa, ba zai iya buɗe baki ba. Na ce to ai hatimi biyu ne a jiki, ina na Nafisa? Ya dube ni ya ce asusun gwamnati ya shigo a watan nan, in yi wa kaina lissafi. Babu wanda zai aika wa kawunta takardar neman biya. Fayil ɗin da ke da gona a ciki nawa ne.

Ba barazana ce kawai ba. Mutum biyu suka je Lajawa da motar banki, gero ya fara fid da kai, suka zagaye gonar da igiyar awo, mutanen ƙauye suna tsaye a kan iyaka. Baba ya daina zama a majalisa. Yana dawowa daga masallaci sai ya shige zaure, Inna ta kai tuwo ta dawo da shi. Ƙannen Baba da ke da rabo a gonar suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, ba su ce komai a gabana ba, amma ina jin sunana ta taga. Malam ya ce ya ji lauyan na cewa in aka je kotu da wuya banki ya ci gonar, tunda sakacin na reshe ne gaba ɗaya. Amma da wane kuɗi za mu je kotu, kuma shekara nawa za mu yi muna jele, gona na hannun wa kafin nan?

Ana cikin haka Nafisa ta zo gidanmu. An mai da ta babban reshe a Kano, wai don hankalinta ya kwanta. Ta zo da turmin atamfa da kwalbar turare, ta zauna a bakin gadona, ƙamshinta ya cika ɗakin. Ta yi fari, ta yi kyau, hutun ya karɓe ta.

"Wallahi Hindatu ban yi barci ba kwana biyun nan, ina ta tunaninki."

"Allah sarki. Yanzu kina yi?"

"Da sauƙi. Na yi wa Kawu maganarki, ya ce zai duba."

"Kin gaya masa ke ce mai fitila?"

Ta juya zobenta ta ce ai ba wuta ranar, ni ma na sani. Na ce na sani. Na raka ta har mota, direba ya buɗe mata ƙofa. Na tsaya ina kallonsu har suka hau titin Kano. Ba atamfar ba ce ta tsaya min a rai, ba motar ba ce. Ita in ta yi kuskure gida take komawa ta kwanta, gidansu kuma yana nan yadda ta bar shi. Kawu bai duba ba, ni ma ban sa rai ba.

Daga baya manaja ya kira ni ofis, karo na farko da ya ambaci sunana. Ya ce banki ba ya son tozarta dattijo. In na rubuta takardar ajiye aiki da kaina, na bar duk haƙƙoƙina da albashin watannin dakatarwa, na kuma sa hannu cewa ba zan kai ƙara ba, za a rufe fayil a mayar wa Baba takardarsa. Na ce a fara fito da takardar in gani. Ya yi dariya ya ce ashe na koyi aiki. Aka kawo ta ya ajiye a gefen tebur, ya ɗora hannu a kai. Na rubuta abin da ya faɗa, na sa hannu, na ajiye hatimina. Sai da ya karanta har ƙasa sannan ya ɗaga hannunsa.

To, ƙannena, wannan ne aikin da kuke tambaya. Ban ce kada ku shiga ba, akwai waɗanda suka tsufa a cikinsa lafiya. Amma kafin ku tambayi albashi, ku tambayi wace taga za a ba ku, hatimin wa ke zuwa ƙarshe, kuma me gidanku zai ajiye a fayil. In kawu gare ku irin na Nafisa, Allah ya sanya alheri, ku gaishe ta in kun haɗu, na ji an ƙara mata girma.

Ranar da na karɓo takardar gonar, na tarar da Baba a zaure. Na durƙusa na miƙa masa takardar da hannu biyu. Ya juya ta gaba da baya, shi ba ya karatun boko. Sai ya miƙo min ya ce, "Ke da kika san takarda, duba min. Ita ce, ko wata suka buga?" Na ɗaga ta saitin hasken ƙofa. Na ga naɗin da ta yi a aljihunsa, na ga sa hannun dagaci. Na ce ita ce, Baba. Ya ce to madalla, Allah ya yi miki albarka, ya ninke ta ya sa a aljihu. Washegari da sassafe ya hau motar Lajawa ya kai wa dagaci ya duba masa.